Yadda Muka Je Ɗauko 'Ya Mace Muka Dawo da Nura

Nura, ka sha tambayata me ya sa aka sa maka sunan da 'yan ajinku a Jidda suke cewa na mata ne. Kullum sai in ce maka a garinmu sunan maza ne, in kau da zancen. Gaskiya na faɗa maka, amma ba duka ba. Halarka Ruƙayya, ƙanwar Umminka, ta ba ka nata labarin, Goggonka Talatu ta ba ka nata a waya daga Kano, kuma kowacce ta sa kanta a gaba. Yanzu da hannuna ya fara sabawa da alƙalami, bayan shekara uku ina zuwa ajin manya na bayan La'asar, zan rubuta maka yadda aka yi. Maganar nono ba a barin ta a bakin mutane kawai, domin shaidu suna tsufa. In Hausar ta yi maka nauyi ka bi ta a hankali, ni ma a hankali na rubuta.

Shekara goma sha ɗaya muka yi da Umminka Zainab a ɗakuna biyu na saman gidan mahaifinta a unguwar Bani Malik, ba mu ga ko ɓatan wata ba. Ita a Jidda aka haife ta, iyayenta Hausawan Sudan ne. Ni kuwa Umra ta kawo ni ina saurayi, na tsaya, har Allah ya haɗa ni da Abu Faisal, ya zama kafilina mai tsaya mini, ya yi mini iƙama, wato takardar zama a ƙasa, na zama direban iyalinsa a unguwar Abhur. Wani likita a Bagdadiyya ne ya duba mu duka biyu, ya ce matsalar daga wajena take. Ina so ka san wannan, don kada wata rana ka ji wani ya ɗora wa Umminka. Ranar da na gaya mata, na ƙara da cewa in tana so in sawwaƙe mata ta nemi haihuwa a wani gidan, ba zan riƙe ta a zuciya ba. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce in na gama in sauka in hawo mata da tukunyar gas, girkinta ya tsaya.

A nan ƙasar ba a ba baƙo riƙon maraya, sai ɗan ƙasa, don haka mun cire rai daga wannan hanyar. Sai wata shekara bayan aikin Hajji maƙwabtanmu suka yi baƙuwa, Malama Asabe, wadda take aiki a wani ofishi a Kano da ke nema wa jariran da ba su da kowa gidan riƙo. Umminka ta kai mata abinci sau ɗaya, ta ji irin aikinta, daga ranar ba ta sake barin baiwar Allah ta sha iska ba. Kafin Malama Asabe ta hau jirgi ta riga ta yi alkawarin aiko mana da takardun cikewa. Suka zo, aka cike mana, limaminmu Shehu Mukhtar ya rubuta shaida a kanmu, Abu Faisal ya rubuta tasa, ni na dangwala yatsa a duk inda aka nuna mini. Akwai wurin da aka tambaya namiji muke so ko mace, muka ce duk wanda Allah ya ba mu. Daga nan sai jira, fiye da shekara.

Wasiƙar ta zo ta akwatin gidan waya na Abu Faisal, da Turanci. Umminka Larabci kaɗai take karantawa, ni kuma a lokacin ko sunana ba na ganewa a takarda. Na sa ta a aljihu har safiya ta yi, na ɗauki 'yar Abu Faisal zan kai ta jami'a. Sunanta Nura. Tun tana 'yar firamare nake kai ta makaranta, a lokacin kuma Turanci take karantawa. Na miƙa mata ta baya, ina tuƙi ina kallon ta a madubi. Ta karanta layi biyu ta yi ƙara, saura kaɗan in hau kan shatale-tale.

"Ammu Haruna, an ba ku. Yarinya ce, watanta goma. Kuma sunanta Nura, takwarata ce."

Da Larabci ta faɗa, kuma duk abin da ta ci gaba da fassarawa da lamirin mace ta fassara: an same ta, tana da lafiya, ta fara rarrafe. Ba zan ɓoye maka ba, wani abu ya gifta mini a rai cewa a ƙauyenmu akwai Nura mai faci da Nura ɗan liman, dukkansu da gemu. Amma shekara goma sha biyar bakina yana kiran mace da wannan suna, kunnena ya riga ya juya. Abin da ya fi ruɗa ni kuwa shi ne, a Hausa da Larabci ba ka iya yin jimla ɗaya a kan mutum ba tare da ka nuna namiji ne ko mace ba. Na ɗauka kowane harshe haka yake. Ban san Bature yana iya cika shafi guda yana cewa ɗa ko jariri da kalmar da ba ta nuna komai ba. Ita ma 'yar Abu Faisal sunan kawai ta gani ta yanke hukunci. A cikin ambulan akwai ɗan ƙaramin hoto: fuska zagayayya, hular ulu, idanu sun sha kwalli. Duk wanda ya gani a Bani Malik sai ya ce masha Allahu, kyakkyawa ce.

Gidan ya rikice da murna. Surukina Alhaji Bashir, tela ne, ya ajiye ɗinkin mutane ya zauna yana yanka ƙananan riguna masu leshi. Hajja, kakarka, ta ja ni kasuwar zinariya ta zaɓi 'yan kunne kamar ƙwayar gero. Umminka ta wanke ɗaki har bango. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya, in ina jiran iyalin Abu Faisal a bakin kanti sai in tsinci kaina na fito da hoton ina nuna wa direbobin da ban sani ba.

Shehu Mukhtar ne ya zaunar da ni bayan sallar Azahar ya ce murna ta yi, amma akwai aiki. Ya ce ɗan riƙo ba ya zama ɗan jini, ba zan ba shi sunana ba, kuma in ya girma baƙo ne a gidan ta fuskar shari'a, sai dai in nono ya shiga tsakani. In mace ce, ni ne matsalar: ranar da ta balaga sai ta yi lulluɓi a gabana, ba zan zauna da ita mu biyu ba, ba zan yi mata rakiyar tafiya ba. Maganinsa a sami 'yar'uwata ta jini ta shayar da ita sau biyar, kowane sha har ta ƙoshi ta saki da kanta, kafin ta cika shekara biyu. Da haka na zama kawunta, muharraminta har abada. In da namiji ne, in ji shi, da sai a nemi nonon daga ɓangaren Zainab. Na ce ai mace ce. Ya ce to, ka nemi naka dangin.

Abin ya zo daidai kamar an tsara. Ƙanwata Talatu tana Kano tana goyon 'yarta Bilkisu. Na yi mata kaset, na ba wani mai komawa gida, na roƙe ta kada ta yaye yarinyar sai mun zo. Halarka Ruƙayya, ƙanwar Umminka, ita ma tana shayar da Usman a lokacin, ya kusa shekara ɗaya da rabi. Da ta ji ba a bukatar ta, sai ta riƙa tsokanata, wai na raina nonon Jidda na tafi neman na ƙauye, kuma kada in zo daga baya ina roƙo, shago ya kusa rufewa.

Bayan wata uku muka sauka Kano, ni da Umminka, da akwati guda na rigunan mata. Shi ne zuwanta Nijeriya na farko. Washegari Malama Asabe ta kai mu gidan da ake renon ku. Abin da suka sani game da wadda ta haife ka kaɗan ne, na faɗa maka shi tuntuni, ba zan sa shi a takarda ba. Aka zaunar da mu a benci a wata baranda. Wata mai reno ta fito da kai a kafaɗa, kana tsotsar yatsu biyu, ta ce ga Nura. Umminka ta miƙe ta karɓe ka, tana ta ambaton sunan Allah. Kai kuwa ka kama bakin mayafinta ka cusa a baki. Ni ina gefe ina ta taɓa tafin ƙafarka, don nan kaɗai ta bar mini. Mai renon ta yi magana biyu ko uku, ta ce yana son koko, ba ya kuka, amma kunnuwanmu ba sa tare da mu. Can sai ka jiƙa wa Umminka gaban riga. Ta yi dariya, ta shimfiɗa ka a cinya za ta canza maka, ta kwance nafkin. Sai ta tsaya.

"Malam," ta ce, "zo ka gani."

Na leƙa. Na dubi Malama Asabe na ce ko an yi kuskure an ɗauko mana wani, mu Nura aka rubuto mana. Ta ce ai Nuran ke nan. Na ce mace aka ce mana. Ta cire tabarau ta dube ni sosai.

"Alhaji, Nura fa. Kai ba a nan aka haife ka ba?"

Masu reno suka fito suna dariya har da riƙe bango. Ni ma na yi, don ba abin da ya rage mini. Da aka natsu Malama Asabe ta ce ba dole, in mun sa rai da mace ne za ta iya mai da sunanmu layi, a sake jira, yaron kuma ba zai rasa masu so ba. Umminka ba ta ko ɗago ba. Ta buɗe jaka ta zaro riga mai ruwan hoda da leshi a wuya, cikin waɗanda mahaifinta ya ɗinka, ta zura maka, ta goya ka da mayafi. Ta ce halas, magana ta ƙare, a nuna mata inda za ta sa hannu. Haka ka shiga unguwar su Goggonka, cikin leshi, mata suna ta yi mana barka da 'yar baƙuwa.

Sai da muka shiga ɗakin Talatu, ta karɓe ka tana gyara zama za ta ba ka nono, sannan abin ya faɗo mana gaba ɗaya. Umminka ce ta fara ganewa. Na ga fuskarta ta canza, ta zauna a bakin gado. Ta ce Malam, nonon ba na nan ba ne. Namiji ba ya bukatar zama muharramina. Ita ce yanzu baƙuwarka. In ba jininta ne ya shayar da kai ba, to za ta yi maka wanka, ta yi jinyarka, ta kai ka makaranta, ranar da muryarka ta buɗe kuma ta fara neman mayafi duk lokacin da ka yi sallama a gidanta. Ta ce ita ba za ta iya wannan ba. Mun tanadi nono wata da watanni, mun tanade shi a ɓangaren da ba shi ba, wanda ake bukata kuma mun baro shi a Jidda muna yi masa dariya.

Na ruga gidan wani mai tarho a bakin titi na kira Bani Malik. Hajja ce ta ɗauka. Da ta gama salati ta ce ai kwana biyu ke nan da Ruƙayya ta shafa wa nononta sabir, maganin nan mai ɗaci, ta fara yaye Usman. Ina riƙe da tarho ina jin tsohuwar tana ƙwala mata kira ta je ta wanke yanzu-yanzu. Ruƙayya ta karɓi kan tarhon tana haki.

"Yaya Haruna, ba na ce maka za ka dawo kana roƙo ba? Yalla, roƙa in ji."

Na roƙa, har da ƙari. Zuwanta Kano ba zai yiwu ba, mijinta yana tsakiyar canza kafili, fasfo ɗinsu duk suna ofis. Dole kai ne za ka je wurinta. Ƙa'idar ofishin su Malama Asabe kuma ita ce uwar riƙo ta zauna da yaro wata shida cur a Kano suna zuwa dubawa, sannan alƙali ya sa hannu, sannan a fara neman biza. In ta yi tafiya a tsakani, lissafi ya koma farko. Watanka goma sha uku a lokacin. Na ƙirga da yatsu na ga akwai sarari, in ba a yi wasa ba.

Mijin Talatu ya kai ni wurin malaminsu don in ƙara jin fatawa. Shi kuma ya ce a karatunsu ba sai sau biyar ba, amma akwai sharaɗi: kada yaron ya riga ya rabu da nono ya dogara da abinci, in ya rabu, shan da zai yi daga baya bai ƙulla komai ba. Na fito da magana biyu a hannu, ta Jidda da ta Kano. Na ce ba zan zaɓa ba, duka zan cika, don ba na son ranar da wani zai buɗe littafi ya ce da saura. A nan ne nonon Goggonka ya yi rana. Ita za ta riƙe ka a kan nono kada ka manta shi, Ruƙayya kuma ta riƙe Usman kada nata ya ƙafe. Mata biyu, teku a tsakaninsu, kowacce da ƙaton yaro mai haƙora a ƙirji saboda kai. Don haka ka rubuta a ranka: duk 'ya'yan Talatu da duk 'ya'yan Ruƙayya 'yan'uwanka ne, babu aure tsakaninku.

Hutuna ya ƙare na dawo Jidda ni kaɗai. Kaset ya riƙa zuwa yana komawa. A ciki nake jin Umminka tana ba da labarin yadda matan gidan suke kwaikwayon Hausarta, yadda ta koyi tuƙa tuwo a murhu, yadda ka taka ƙafa ranar wata Juma'a ka faɗa cikin kwandon albasa. Nakan sa kaset ɗin a mota in na sauke iyalin Abu Faisal, in yi ta maimaita wurin da kake gwalantu. Ruƙayya kuwa duk ranar da na shiga gida sai ta nuna mini Usman ta ce wannan azzalumin ya cije ta sau kaza yau, kuma ni za ta kama ranar lahira.

A wata na biyar ciwo ya kwantar da Alhaji Bashir. Likita ya ce a kira na nesa. 'Yan'uwa suka kasu biyu, wasu suka ce a ɓoye wa Zainab, wasu suka ce a ce ta taho. Na ce ba zan ɓoye mata ba, kuma ba zan zaɓa mata ba. Na kira ta a gidan mai tarhon nan na faɗa mata yadda abin yake. Ta san lissafin kamar yadda na san shi: in ta taho, wata shidan ya rushe, in aka sake daga farko shekara biyunka za ta cika a Kano. Ta ce a kai tarhon kusa da Baba. Aka ja wayar har bakin gadonsa. Ban ji abin da ta ce ba, nasa na ji.

"Zauna inda kike. Ni na gan ki shekara talatin da uku. Shi bai gama ganin ki ba."

Bayan kwana shida ya rasu. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta zauna zaman makoki da 'yan'uwanta ba. A ɗakin Talatu ta karɓi gaisuwa daga mutanen da ba su taɓa ganin sa ba. Ba ta taɓa gaya maka wannan ba, kuma na san za ta yi mini faɗa da na rubuta.

Alƙali ya sa hannu, aka fassara takardar zuwa Larabci, aka buga mata hatimi a wurare da yawa, ta iso hannuna. Mai bin takardun Abu Faisal ya shiga zirga-zirga. Irin wannan takarda ba kullum ake ganin ta ba, kowane tebur sai an karanta ta daga farko. 'Yar Abu Faisal, wadda kunya ta hana ta haɗa ido da ni a madubi, ita ta riƙa rubuta mana duk wata wasiƙar roƙo. Ni dai ina da natsuwa, domin bisa takardar haihuwarka akwai sauran kusan wata biyu. Sai wata rana Shehu Mukhtar ya ce in kawo takardar ya gani. Ya ɗauko kalandar masallaci mai kwanan wata iri biyu, ya yi ta bi da yatsa. Ya ce Haruna, da wane wata kake ƙirga? Na ce da wanda ke takardar. Ya ce shekara biyun shayarwa da watan sama ake ƙirga ta, kuma ta fi ta Bature gajarta. Nan take ya zare mini kusan sati uku daga abin da nake taƙama da shi.

Ban taɓa roƙon Abu Faisal abu sau biyu ba, ranar na roƙe shi sau uku. Ya sa mishlahinsa, rigar da yake sawa in zai ga manya, ya ce in tuƙa. Kwana huɗu muna fita tare, ni a mota ina ta jan carbi, shi a ciki. Ranar ta huɗu ya fito yana kaɗa takarda a sama kamar yaro. Kuka sauka filin jirgin Jidda saura kwana takwas. Da na hango Umminka ta rame ta yi duhu, kai kuma kana tafe da ƙafarka kana jan gefen abayarta, sai na manta akwai shinge, wani ma'aikaci ya dawo da ni baya. A mota ka ƙi yarda in taɓa ka, amma ka yarda ka ci mini hula.

Gida ya cika. Ruƙayya ta yi wanka ta yi turare, ta zauna a tsakiyar ɗaki kamar amarya, Hajja ta ajiye finjali a gefenta da ƙwallayen dabino biyar a hannu, duk sha ɗaya za ta jefa ɗaya. Ni ina bayan labule a baranda, ana ba ni labari. Aka miƙa ka. Ka shinshina, ka dubi fuskarta, ka ture ta da hannu biyu ka tsala ihu. Aka ce gajiya ce. Washegari haka. Aka hana ka koko don yunwa ta kora ka, ka zauna ka yi ta kuka kana kiran Goggo. Aka tatsa a kofi, ɗan abin da ya samu, ka kai baki ka watsar a kan kafet. Aka sa Usman ya sha a gabanka ko kishi zai ja ka, ka kalle shi kamar ba da kai ake ba. Kwana uku suka tafi, finjali ba komai. Na je aiki na wuce mashigar Abhur sau biyu a rana ɗaya.

Ranar ta huɗu Umminka tana kwance kayan da ta zo da su, ta ciro ƙullin kuka da daddawa da Talatu ta ɗaure mana a tsohon zanenta na goyo. Kana ganin zanen ka taho da gudu ka rungume shi ka tusa fuska. Umminka ta dube ka, ta dubi ƙanwarta. Ta ce Ruƙayya, je ki wanke turaren nan, ki zo ki yafa wannan. Ruƙayya ta ɗaga zanen da yatsu biyu ta kawar da hanci. Ta ce shekara biyu da rabi tana shan cizo, yanzu kuma sai ta yi warin miya? Hajja ta ce ko ta yafa ko ta yafa mata. Ta yafa har ka, tana ta mita da Larabci. Aka ɗora ka a cinyarta. Daga bayan labule ban ji komai ba sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, na daɗe a haka, sannan na ji ƙwallon dabino ya faɗa cikin finjali.

Na biyu ya zo da yamma, na uku washegari. A na ukun aka yi gardama, domin mai sayar da gas ya buga ƙarfensa a titi ka saki ka waiwaya, Ruƙayya ta ce ka ƙoshi, Hajja ta ce tsoro ne ya sa ka saki, ta ƙi jefa ƙwallon. Ruƙayya ta ce wallahi tsohuwar nan ta fi masu duba fasfo tsanani. Aka sake. Saura kwana biyu, bayan Azahar, na roƙi Shehu Mukhtar da mijin Ruƙayya suka zo suka zauna tare da ni a baranda, mata huɗu na unguwa suna ciki don shaida. Ka sha, ka sha, har barci ya ɗauke ka, bakinka ya saki da kansa. Ƙwallo na biyar ya faɗa. Matan suka rangaɗa guɗa, Shehu ya yi addu'a, ni kuwa na miƙe na zauna, na sake miƙewa, na rasa wanda zan runguma sai mijin Ruƙayya. Na ji Ruƙayya tana cewa:

"Karɓi ɗanki, Yaya. Ku kuma cire mini wannan zanen kafin in suma."

Umminka ba ta yi guɗa ba. Da baƙi suka watse na shiga na same ta zaune a ƙasa, kana barci a cinyarta, ta zare ɗankwalinta ta ajiye a gefe, tana kallon keken ɗinkin mahaifinta da aka rufe da ƙyalle a lungu. Na zauna kusa da ita.

Shekaranjiya ina zaune ina haɗa waɗannan haruffa ka dawo daga makaranta, da gashin baki da muryar da ta fi tawa kauri, ka tura ƙofar ɗakinta kana sallama. Tana tsefe kai. Ba ta nemi mayafi ba, ba ta ko motsa ba. Ka tsaya a kanta ka ce Ummi, furfurar nan ta yi yawa, ta jefe ka da mataji ta ce kai ka sa mata ita, ka zauna ka tsefe mata ta baya inda hannunta ba ya kaiwa.